Wa Ke Riƙe da Ragamar Ƙungiyoyin Makafi?

Oktoba wata ne na tarurrukan ido. Alhamis ta biyu a cikinsa ita ce Ranar Gani ta Duniya, ranar 15 kuma ta Farar Sanda ce. A irin waɗannan ranaku ƙungiyoyin agaji kan kama ɗakin taro, a yi jawabai, a raba sanduna da buhunan shinkafa, a ɗauki hotuna. Duk wanda ya saba zuwa ya san yadda ake zama: masu gani a babban teburi, makafi a kujerun ƙasa, can wajen tashi a kira guda daga cikinsu ya yi godiya a madadin 'yan'uwansa. Alherin da ake yi alheri ne, babu mai musu. Sai dai wannan zama yana tona wani abu game da ƙungiyoyin kansu: wa ke karɓar albashi a cikinsu, wa ke sa hannu a kasafin kuɗi, wa kuma ake shiryawa ya gaji shugaba idan ya sauka?

Yi wa masu larurar gani hidima ya daɗe da zama sana'a mai zaman kanta. Likitoci da ma'aikatan jinya suna ciki, haka malamai da akawu da direbobi da lauyoyi da masu nemo tallafi, kuma maƙudan kuɗi na ratsawa ta hannunsu duk shekara. Matsayina a kan wannan sana'a a fili yake. Duk ƙungiyar da ke karɓar kuɗi da sunan makafi, akwai haƙƙi a wuyanta na ta ɗauke su aiki, ta kuma horar da su har su iya riƙe ta. Nauyin wannan haƙƙi bai gaza na raba magani ko yin aikin ido ba.

Aiki ɗaya, reshe biyu

A rahotonta na 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan ɗaya daga ciki matsalarsu ko dai da an iya hana ta, ko kuma tana nan tana jiran magani. A Najeriya, binciken ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13. Arewa maso gabas ce ta fi ko'ina, da kashi 6.1. Yanar ido ita ce ta makantar da kashi 43 cikin 100 na waɗannan mutane, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17.

Waɗannan cututtuka biyu sun isa su nuna inda aikin ya rabu. Mai yanar ido, idan ya samu likita, aikin da bai kai awa guda ba zai iya dawo masa da gani. Wanda hawan jinin ido ya kashe wa jijiya kuwa, ganinsa ya tafi ke nan. Shi abin da yake bukata wanda zai koya masa tafiya da sanda, da karatu da yatsu ko da kunne, da yadda zai ci gaba da sana'arsa. Saboda haka ƙungiyoyin suna da reshen kare ido da warkarwa, suna da reshen gyara rayuwar wanda ya riga ya makance.

Kuɗi sun fi karkata ga reshe na farko, dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mai ba da tallafi yana son abin da za a ƙirga masa: ido nawa aka yi wa aiki, ƙwayar magani nawa aka raba. Koya wa dattijuwar da ta makance yadda za ta koma girkinta ba tare da ta ƙone ba yana cin watanni, kuma ba ya cika shafin rahoto. Illar wannan ga maganar da muke yi babba ce, domin reshen da makafi suka fi kowa saninsa, wanda kuma za su fi saurin zama ƙwararru da shugabanni a cikinsa, shi ne mai ƙarancin kuɗi da ƙarancin guraben aiki.

Abin da tarihi ya nuna

Louis Braille yana ɗan shekara 15 ya haɗa rubutunsa na ɗigo shida a 1824, yana ɗalibi a makarantar makafi ta birnin Paris. Ɗalibai sun karɓe shi hannu biyu, amma hukuma ba ta amince da shi ba sai a 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa. Masu gani da ke gudanar da makarantun makafi a Turai sun fi son haruffan boko da aka tasa a jikin takarda, saboda su suna iya karanta su da ido, ko da yake yatsa na shan wahalar bin su.

A Ingila, wanda ya raba wannan gardama likita ne mai suna Thomas Rhodes Armitage, wanda ganinsa ya yi rauni har ya ajiye aikin asibiti. A 1868 ya kafa ƙungiyar da a yau ake kira RNIB, ya kuma tsaya a kan cewa waɗanda za su tantance rubutun da ya dace su zama masu karatu da yatsunsu. Suka gwada tsare-tsaren da ake da su ɗaya bayan ɗaya, suka zaɓi na Braille. Shawarar da aka yi shekaru ana ja-in-ja a kanta ta warware ne bayan an miƙa ta ga masu abin. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga baya makafi a ƙasashe da yawa suka ga cewa zama a kwamitin wasu bai wadatar ba, suka kafa nasu na kansu. A Amurka, masanin shari'a Jacobus tenBroek, wanda makaho ne, ya jagoranci kafa Tarayyar Makafi ta Ƙasa a 1940, kuma tun daga lokacin makaho ne ke shugabantarta. A Sifaniya, ƙungiyar ONCE da aka kafa a 1938 mambobinta ne ke zaɓen shugabanninta, kuma ita da kamfanoninta suna ɗauke da dubun-dubatar ma'aikata, da yawansu masu nakasa. Kuɗinta daga tikitin caca suke fitowa, hanyar da al'ummarmu ba za ta bi ba, amma darasin mallakar hanyar samun kuɗi ta kai yana nan. A 1984, a birnin Riyad, aka haɗe babbar ƙungiyar makafi ta duniya da babbar majalisar masu yi musu hidima, aka samar da Ƙungiyar Makafi ta Duniya, Sheikh Abdullah Al-Ghanim na Saudiyya ya zama shugabanta na farko. Wannan haɗewa amincewa ce da cewa ɓangarorin biyu ba mai iya tafiya ba ɗan'uwansa.

Makahon da ya kafa Sightsavers

Ƙungiyar Sightsavers sananniya ce a arewacin Najeriya, ofishinta na Kaduna ya daɗe yana aiki da ma'aikatun lafiya na jihohi. Ba kowa ne ya san cewa makaho ne ya kafa ta ba. John Wilson yana ɗan shekara 12 wani sinadari ya fashe a ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu a 1931, ya tafi da idanunsa biyu. Ya karanta shari'a a Jami'ar Oxford, sannan ƙungiyar da Armitage ya kafa ta ɗauke shi aikin ofis. A nan ya koyi gudanarwa, a nan kuma aka sa shi cikin tawagar da ta zagaya ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya a 1946 da 1947 don duba halin da makafi ke ciki. Abin da ya tarar ne ya sa ya kafa tasa ƙungiyar a watan Janairun 1950.

Shi da matarsa Jean sun je arewacin Gana, suka tarar da ƙauyukan bakin kogi inda cizon baƙin ƙuda ya makantar da magidanta da yawa, yara na jan iyayensu da sanda. Daga nan suka ɗauki maganar makantar kogi suka kai ta kunnen duniya. Wilson ya riƙe ƙungiyar har 1983, ya kuma zama shugaban farko na Hukumar Kare Makanta ta Ƙasa da Ƙasa da aka kafa a 1975. Yaƙin da shi da wasu suka tayar shi ne ya kai ga feshin koguna a Yammacin Afirka daga 1974, da rabon maganin Mectizan da kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta a 1987, har zuwa watan Janairun 2025 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Jamhuriyar Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka.

Abin lura a rayuwar Wilson shi ne matakan da ya taka: makaranta mai kyau, jami'a, aiki na gaske a ƙungiyar makafi, sannan amanar da aka ba shi tun yana matashi. Da an tsaya ga ba shi sadaka da tausayi, da ba a ji sunansa ba.

Akwai kuma ɗaya gefen. Caroline Harper, wadda ta karɓi ragamar Sightsavers a 2005, daga harkar iskar gas ta fito, ba daga asibitin ido ko makarantar makafi ba. Abin da ta zo da shi sanin riƙon babban kamfani ne da tsare dukiya, kuma ƙungiya mai aiki a ƙasashe fiye da 30 tana bukatar wannan. Ke nan ƙwarewar gudanarwa da sanin makanta daga ciki duka ana nemansu. Tambayar ita ce me ya sa ba a cika gina mutanen da suka haɗa biyun ba.

Su wa ke yin aikin?

A ƙasan komai akwai mai rabon maganin Mectizan na ƙauye, wanda jama'arsa suka zaɓa da kansu. Kayan aikinsa sanda ce mai alamomi da littafin rajista. Yakan tsayar da mutum a jikin sandar, tsayinsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha, daga ɗaya zuwa huɗu. Yaron da bai kai santimita 90 ba, ba a ba shi, haka mai juna biyu da mai ciwo mai tsanani. Gida-gida yake bi, ya jira a haɗiye maganin a gabansa, ya rubuta. Galibin irin waɗannan mutane aikin sa-kai suke yi, kuma a kan ƙafafunsu duk alƙaluman da ake taƙama da su suke tsaye.

Sama da shi akwai ma'aikacin jinyar ido, da mai auna gilashi, da wanda aka horar ya gyara fatar idon da amosanin ido ya juyar har gashin ido ke gogar ƙwaya, sannan likitan da ke cire yana. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda aka buɗe a 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna sun yaye da yawa daga cikinsu.

A ɗaya reshen akwai malamin rubutun Braille, da mai koyar da kwamfuta, da mai ba da shawara ga wanda makanta ta same shi da girmansa, da kuma malamin tafiya. Aikin wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Yana koya wa mutum ya riƙe farar sanda a tsakiyar jikinsa, ya riƙa kaɗa ta dama da hagu daidai faɗin kafaɗunsa, ta yadda bakin sandar zai taɓa gurbin da ƙafarsa za ta sauka kafin ta sauka. Yana koya masa ya ji bambancin kwalta da turɓaya a tafin hannunsa, ya gane bakin kwata, ya ƙirga kwanoni daga ƙofar gida zuwa masallaci. Idan kuma rakiya za a yi masa, ya kama mai rakiyar a saman gwiwar hannu, yana bin sa da rabin taku. A ƙasar Hausa mun saba ganin makaho da ɗan jagora, yaro ko yarinyar da ya kamata a ce tana aji. Duk dattijon da ya iya zuwa kasuwa da kansa, an 'yanta yaro guda ya koma makaranta. Amma masu wannan ƙwarewa ƙalilan ne, kuma ba kasafai ake ware musu gurbi a kasafin ƙungiyoyi ba.

Sauran guraben na ofis ne: jami'in shirye-shirye, akawu, mai bin diddigin aiki, mai rubuta takardar neman tallafi, mai hulɗa da gwamnati da 'yan jarida, daraktan ƙasa, da kwamitin amintattu. In ban da tuƙi da aikin tiyata da makamantansu, da wuya ka nuna wanda makaho mai ilimi ba zai iya ba. Daga cikin waɗannan guraben ofis ne kuma shugabanni ke fitowa.

Inda ake tare hanya

Shingen farko yana makaranta. Makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato ta fara aiki tun 1953, amma har yau yara makafi da yawa a karkara ba su taɓa taɓa takardar Braille ba. Wanda ya samu ya tsallake firamare zai tarar da littattafan sakandare da jami'a ba sa zuwa a sigar da zai iya karantawa. An samu ci gaba: Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta halatta juya littattafai zuwa sigar makafi ba tare da neman izinin mai haƙƙin mallaka ba, hukumar JAMB kuma tana shirya wa makafi jarrabawa ta musamman. Duk da haka sau da yawa ana kawar da su daga lissafi da kimiyya, abin da ke rufe musu ƙofar aikin kuɗi da ƙididdiga tun kafin su isa bakinta.

Shinge na biyu yana ofis, kuma ƙananan abubuwa ne suka haɗa shi. A yau makaho yana aiki da kwamfuta ta hanyar manhajar da ke karanta masa abin da ke fuskarta. Ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, NVDA, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya ne suka haɗa ta, Michael Curran da James Teh, tun daga 2006, kuma kyauta ce. Da ita jami'i zai bi jadawalin kasafin kuɗi gida-gida, ya ji kowane adadi, ya gano inda lissafi ya karkace. Amma idan aka ɗauki hoton takardar aka turo masa ta WhatsApp, manhajar ba ta da abin da za ta karanta masa kai tsaye. Idan aka raba takardun taro a bugun takarda ana saura minti biyar a zauna, sauran mahalarta za su riƙa buɗe shafi suna magana, shi kuwa ya koma ɗan sauraro. Bayan taro biyu ko uku sai a ce ba ya ba da gudummawa. Haka tallar gurbin aiki da aka fitar a hoto, da jarrabawar ɗaukar aiki ta biro da takarda, duk suna kore shi ba tare da wani ya furta kalmar ƙi ba. Gyaran yawancinsu ba ya cin ko sisi, abin da yake ci shi ne a tuna da shi.

Shinge na uku yana zukata, shi ne kuma mafi tauri. Ko a Birtaniya, mai dokoki da tallafin kayan aiki, RNIB ta sha faɗin cewa mutum ɗaya ne kacal cikin huɗu na masu larurar gani da ke shekarun aiki yake da aikin yi. A nan gida, dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta tanadi aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati ga masu nakasa. Ƙungiyoyin agaji na cikin waɗanda suka fi matsa wa gwamnati lamba ta cika wannan alƙawari, kuma daidai ne su yi. To amma wadda ba ta da makaho ko ɗaya a jerin masu albashinta, da wane baki za ta yi wannan magana?

Abin da muke da shi a gida

Shugabancin makaho ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah Ya ƙara masa yarda, ladani ne a Madina tare da Bilal, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sha barinsa a matsayin wakili a garin idan zai fita. A garuruwan Hausa akwai sarautar Sarkin Makafi, mai fada da muƙarrabai, yana sasanta rigima, yana karɓar baƙi, yana isar da koken jama'arsa ga sarki. Tsari ne na mulkin kai da ya riga ƙungiyoyin zamani zuwa. Gaskiya ne ya ginu a kan tattalin arziƙin bara, kuma wannan ne iyakarsa. Amma babu ma'aikacin da zai shiga unguwar makafi ya yi rajista ko ya raba wani abu cikin nasara ba tare da ya bi ta kansa ba, kuma ya kamata a riƙa zama da shi tun lokacin tsara aiki, ba sai ranar taro ba.

A ɓangaren boko ma muna da abin nunawa. Bitrus Gani-Ikilama, ɗalibin Gindiri, ya koyo aikin gashi da motsa gaɓoɓi a Landan, ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa gidauniyar Hope for the Blind a Zariya. Jibrin Isa Diso ya kai matsayin farfesa a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero. Lauya Danlami Basharu, wanda ya jagoranci ƙungiyar ANWAB mai samar wa makafi littattafai a Legas, ya zama shugaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2019. A 2023 kujerar ta koma hannun Gertrude Oforiwa Fefoame 'yar Gana, ita ma mai larurar gani, wadda ta yi shekaru tana aiki da Sightsavers. Kowannensu ya samu makarantar da ta karɓe shi da wurin aikin da ya ba shi amana.

Abin da masu ja ke cewa

Akwai masu cewa makanta ba takardar shaida ba ce, kuma sun yi gaskiya. Ƙungiyoyin da makafi ke jagoranta ba su tsira daga cututtukan sauran ƙungiyoyi ba: shugaban da ya kafa ya ƙi sauka, asusun da mutum ɗaya ke sa wa hannu, zaɓen da ke ƙarewa da rabuwa gida biyu, da 'yan siyasa masu neman a yi musu rakiya lokacin kamfe. Haka kuma namiji mai digiri a babban birni ba lallai ne ya san damuwar makauniyar ƙauye ba, alhali mata su ne fiye da rabin makafin duniya, kuma su ne suka fi ƙaranci a kujerun shugabanci. Naɗa makaho guda a kwamiti don a ce an yi, ba tare da ba shi takardu ko ƙuri'a mai tasiri ba, cin fuska ne gare shi da kuma yaudarar masu tallafi.

Tsufa da suna ma ba sa kare ƙungiya daga sakaci. A 2018 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Ingila ta buɗe bincike kan wata cibiyar yara ta RNIB da ke Coventry, rahotonta na 2020 kuma ya ɗora laifi a kan gazawar shugabanci da raunin sa ido. Waɗanda ake yi wa hidima a wannan fage suna da saurin cutuwa, domin sukan dogara da wani ya karanta musu takarda, ya ƙirga musu kuɗi, ya raka su. Duk wanda zai riƙe irin wannan amana, mai gani ne ko makaho, dole a iya bincikarsa.

Sai dai duk waɗannan hujjoji kira ne a ƙara horo da tsari. Idan ana kukan babu makafi masu ƙwarewar riƙe kuɗi da ma'aikata, amsar ita ce a samar da su, kuma babu wanda wannan nauyi ya fi hawa kansa kamar ƙungiyar da ke cewa makafi na iya komai a allunan tallarta.

Maganar kuɗi

Sana'ar nan tana da wani rauni da duk mai son shigarta ya kamata ya sani. Yawancin guraben na kwantiragi ne, shekara biyu ko uku, ɗaure da tallafin wata ƙasa. A 2021 Birtaniya ta rage kuɗin agajinta daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, aka datse wani babban shirin yaƙi da cututtukan da aka yi watsi da su a Yammacin Afirka kafin wa'adinsa. A 2025 rushe hukumar USAID ta Amurka ya sake girgiza fagen. Idan irin haka ta faru, sabbin ma'aikata da masu ƙananan muƙamai ne ke fara tafiya, a nan ne kuwa 'yan makafin da aka ɗauka suka fi yawa.

Wannan ya sa maganar kuɗin gida ta zama maganar shugabanci. Jihohi irin su Sakkwato da Kano suna da hukumomin zakka da waƙafi, attajiranmu kuma ba sa gajiya da ciyarwa a watan azumi. Waƙafin da zai riƙa biyan albashin malaman tafiya biyu, ko kuɗin karatun akanta ga ɗalibai makafi, sadaka ce mai gudana kamar rijiya. Ƙungiyar da ke da nata kuɗin, ko kaɗan ne, ita ke iya tsara wanda zai gaji wa nan da shekara goma.

Abin yi

Matakan ba masu wuyar fahimta ba ne. A fitar da tallar aiki a rubutun da manhaja ke karantawa, a aika wa Ƙungiyar Makafi ta Najeriya da makarantun da ke yaye su. A buɗe guraben koyon aiki masu albashi ga waɗanda suka gama karatu, a kuma zagaya da su sashen kuɗi da na shirye-shirye, kada a tsare su a teburin wayar da kai kaɗai. A sa kuɗin kwamfuta da mai rakiya a kasafi tun farko. A tanadi kujeru masu cikakkiyar ƙuri'a a kwamitin amintattu ga makafi maza da mata, a sa wa'adin sauka ga kowa. Mai gani da ke aiki a fagen ya koyi rakiya da gaisuwa yadda ya kamata, ya faɗi sunansa idan ya shigo, ya yi magana da mutumin kai tsaye ba da ɗan jagoransa ba. Shi kuma matashi makaho mai burin shugabanci ya riƙe kwamfuta da Turanci ko Faransanci da lissafin kuɗi da kyau, ya nemi aikin da za a auna shi da sakamako, domin da wannan ne zai iya zama a teburin da ake yanke shawara ya kuma kare abin da ya faɗa.

Mu kuma da muke ba da gudummawa, gwamnati ce ko attajiri ko mai jefa ɗari biyar a akwati, muna da ikon da ba mu cika amfani da shi ba. Kowace ƙungiya tana gaya mana yawan makafin da ta taimaka wa a shekara. Mu nemi ta ƙara mana lamba biyu a rahoton: makafi nawa ne ke karɓar albashi a cikinta, kuma nawa ne daga cikinsu ke da ikon sa hannu a fitar da kuɗi. Wadda ta ga ana tambayarta wannan duk shekara, za ta fara shirya amsar da ba za ta ji kunyar bayarwa ba.